Fayilolin da Ke Kwana a Cikin Rajista

A kowane shagon buga takardu da ke Ƙaura Namoda ana iya yin wani ɗan gwaji da ba zai ci minti biyu ba. A buɗe Notepad a kwamfutar da ke ɗauke da Windows 10 ko 11, a rubuta suna da lambar waya, a adana, sannan a buɗe tagar bayanan fayil ɗin. Layi ɗaya zai ce girmansa bayit 30 ne ko makamancin haka. Layin da ke ƙarƙashinsa, mai faɗin wurin da fayil ɗin ya ci a faifai, sifili zai nuna. A ƙara rubutu har ya haura bayit dubu, sai sifilin ya koma 4,096 a tsalle ɗaya. In kuwa aka kwafi ɗan fayil ɗin na farko zuwa memori mai gigabayit 64, irin wanda ake sayarwa a kasuwar Shinkafi, galibi za a ga ya cinye bayit 131,072.

Rubutu ɗaya ne, amma a nan bai ci komai ba, a can kuma ya ci wurin da zai ɗauki ɗan littafi. Kwamfutar ba ta yi ƙarya ba a duka biyun. Bambancin ya samo asali ne daga wata muhawara da injiniyoyi suka shafe shekara arba'in suna yi a kan tambaya guda: idan kaya ya yi ƙanƙanta har bai kai takardar da aka rubuta bayaninsa a kai ba, a ina ya kamata a ajiye shi?

Mutanen wannan yanki suna da misalin da zai sauƙaƙa fahimtar tambayar. A 1929 layin dogo da ya taso daga Zariya, ya biyo ta Funtuwa da Gusau, ya iso Ƙaura Namoda, garin ya zama tashar ƙarshe inda gyaɗa da audugar arewacin Zamfara ke hawa jirgi zuwa kudu. Sufurin kaya irin wannan yana tsaye ne a kan abu biyu: tarago da rajista. Tarago ke ɗaukar kaya, rajista kuma ke faɗin na wane ne, yaushe ya zo, nawa ne nauyinsa, a wane tarago yake. To a ɗauka dokar tashar ita ce ba a haɗa kayan mutum biyu a tarago ɗaya. Mai buhu ɗari biyu ba shi da asara. Amma ga wani ya taso daga Ɗan Isa ko Zurmi da wasiƙa mai layi uku. Bisa doka sai a ware masa tarago sukutum, kuma duk mai son karanta wasiƙar sai ya fara zuwa ofis ya duba rajista, sannan ya taka zuwa ƙarshen layi ya buɗe ƙofar ƙarfe. Akawu mai wayo zai lura cewa a shafin rajistar akwai filin da ya rage, wanda zai ɗauki layi ukun nan har da saura. Ya kwafe wasiƙar a nan, an huta da tarago, an huta da tafiya.

Haka faifan kwamfuta yake. An yanka shi gurbi-gurbi masu girma ɗaya, kuma a mafi yawan tsare-tsare fayil biyu ba sa raba gurbi. A gefe kuma akwai rajista. Abin da ake kira tsarin fayil shi ne dokokin da ke haɗa su.

Siffar rajistar da ta fi tasiri a tarihin kwamfuta ta fito ne daga Bell Labs a Amurka, inda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara gina Unix a 1969. A tsarinsu kowane fayil yana da ɗan shafi da suka kira inod. A bugu na bakwai na Unix, wanda ya fita a 1979, girman inod bayit 64 ne. Yana ɗauke da mai fayil, da izinin wanda zai karanta ko ya rubuta, da lokutan da aka taɓa shi, da adireshi 13 masu nuna gurabun da ainihin rubutun yake. Ko sunan fayil ba ya cikin inod, yana cikin wani jerin daban. Saboda haka karanta fayil, komai ƙanƙantarsa, tafiya uku ce aƙalla: a nemo suna, a je inod, a je gurbi. Faifan wancan zamani kuwa ƙarfe ne mai juyawa sau 3,600 a minti, da hannu mai kai da komo a kansa, kuma kowace tafiya tana cin milisakan 20 zuwa 30. Karanta rubutun kansa ba ya cin komai in aka kwatanta da isa wurinsa.

Gurbin Unix na farko bayit 512 ne, don haka asarar wuri ba ta da yawa, amma saurin ya yi ƙasa ƙwarai. A Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, Marshall Kirk McKusick da Bill Joy da Samuel Leffler da Robert Fabry suka auna suka ga tsohon tsarin yana amfani da ɗan kaso ne kawai na saurin da faifan zai iya bayarwa. Maganin a fili yake: a faɗaɗa gurbi zuwa bayit 4,096, domin tafiya ɗaya ta kwaso kaya da yawa. Sai dai da suka lissafa a kan fayilolin da ke injinansu, suka tarar cewa asarar wuri, wadda take kashi 6.9 cikin ɗari da gurbin 512, za ta haura zuwa kashi 45.6. Kusan rabin abin da aka ajiye kenan, ƙari a banza, a lokacin da faifai ɗaya ke da tsadar mota. Dalili kuwa shi ne yawancin fayiloli ƙanana ne. Mafitarsu, wadda ta fita a 4.2BSD a 1983 kuma suka wallafa bayaninta a 1984, ita ce a yarda a tsaga gurbi gida biyu ko huɗu ko takwas, ƙananan fayiloli da wutsiyoyin manya su zauna a tsagin. Wato an sa katanga a cikin tarago. An rage asarar wuri, amma tafiyar daga ofis zuwa tarago tana nan.

A wannan shekarar ta 1984, a wata jami'a da ke Amsterdam ta ƙasar Holan, Sape Mullender da Andrew Tanenbaum suka kalli matsalar ta wata fuska. Suka ƙirga fayilolin da ke kwamfutar sashensu, suka ga rabinsu ba su wuce bayit 1,080 ba. Shawararsu ita ce ta akawun nan: a ƙara wa inod girma, a zuba rubutun ƙaramin fayil a cikinsa, ta yadda duk wanda ya isa rajista ya riga ya isa kaya. Maƙala ce gajera, ba ta yi amon ta Berkeley ba, kuma Unix bai karɓi shawarar ba a lokacin. Amma lissafin da ta dogara a kansa bai tsufa ba. Da Tanenbaum da abokan aikinsa suka maimaita ƙirgar a 2005, bayan girman faifai ya ninka sau dubbai, tsakatsakin girman fayil ya kai bayit 2,475 ne kawai. Manyan fayiloli sun ƙara girma har ba iyaka, su ne ke cika faifai, amma a yawan adadi ƙananan ne ke da rinjaye har gobe. Wannan Tanenbaum ɗin shi ne ya rubuta MINIX a 1987, wanda a kansa Linus Torvalds ya fara aikin Linux a 1991.

Kamfanin da ya kai shawarar hannun miliyoyin mutane shi ne Microsoft. Windows NT 3.1 ya fita a 1993 da sabon tsarin fayil mai suna NTFS, wanda Tom Miller da Gary Kimura suke cikin manyan waɗanda suka zana shi. Rajistarsa babban jadawali ne da ake taƙaita sunansa da MFT, kuma kowane fayil yana da shafi mai bayit 1,024 a ciki. Abin da ya bambanta wannan zane da na Unix ya fi girman shafi zurfi. A NTFS ba a ɗauki rubutun fayil a matsayin wani abu na musamman ba. Suna sifa ce ta fayil, lokacin ƙirƙira sifa ce, izini sifa ce, rubutun da ke ciki ma sifa ce kamar sauran. Kowace sifa, in ta shiga shafi, sai ta zauna a nan. In ta yi girma, sai a fitar da ita zuwa gurbi a bar adireshinta. Bayan an cire wurin suna da lokuta, abin da ke ragewa ya kan kai bayit 700 ko kusa da haka, kuma dogon suna yana rage shi. Nan ne asirin sifilin da tagar Windows ke nunawa: fayil ɗin bai karɓi gurbi ko ɗaya ba, yana zaune a shafin da dole ne a ba shi ko da babu komai a cikinsa.

Kyawun wannan zane shi ne ba a yi wa ƙaramin fayil wata doka ta daban ba, ya faɗo ne a ƙarƙashin doka ta kowa. Foldar da ba ta da fayiloli da yawa ma haka take zama a shafinta. Haka nan ɗan tambarin da Windows ke liƙa wa duk abin da aka sauke daga intanet tun 2004, wanda shi ne ke sa Word ya buɗe takardar da aka turo ta imel cikin taka-tsantsan ya hana gyara sai an ba shi izini. Tambarin 'yan layuka ne, kuma yawanci a shafin rajistar fayil ɗin yake kwana.

A ɓangaren Linux abin ya zo a hankali, ta ƙofar baya. Akwai wani nau'in fayil da aikinsa kawai nuni ne, abin da ke cikinsa sunan hanyar wani fayil ne. Tsarin ext2, wanda Rémy Card ɗan Faransa ya fitar a 1993, yana da filin adireshi 15 a inod, kowane bayit 4, jimla 60. Tunda fayil mai nuni ba ya bukatar adireshin gurbi in ba shi da gurbi, sai aka rubuta sunan hanyar a filin adireshin kansa, muddin bai wuce harafi 59 ba. XFS na kamfanin Silicon Graphics ya yi makamancin haka da fayilolin nuni da ƙananan foldoji. Amma fayil na yau da kullum, ko na bayit biyar ne, sai an ba shi gurbinsa.

Wanda ya ɗauki ƙananan fayiloli a matsayin aƙida shi ne Hans Reiser. Hujjarsa ita ce tsadar ƙaramin fayil ce ke tilasta wa masu rubuta manhaja su riƙa cusa ƙananan bayanai a cikin babban fayil guda, kowa da irin tsarinsa, har bayanai su zama ba a iya ganinsu sai ta manhajar da ta rubuta su. ReiserFS, wanda ya shiga Linux a farkon 2001, yana tattara ƙananan fayiloli da wutsiyoyin manya ya jera su a cikin bishiyar rajista, kafaɗa da kafaɗa da bayanansu. Ya yi suna wajen sauri da tsimin wuri, har SUSE ta mai da shi tsarinta na farko na tsawon shekaru. Ya kuma nuna inda dabarar ke ciwo. Tsohuwar manhajar tayar da kwamfuta mai suna LILO ta saba neman fayil da lambar gurbi, sai ga fayil wutsiyarsa ba ta da gurbin kanta, dole aka tanadi hanyar kashe dabarar. Gyaran faifan da ya lalace ma ya fi wuya, tunda rajista da kaya sun cakuɗe a wuri ɗaya. SUSE ta bar shi a 2006, a 2008 kotu a Kalifoniya ta sami Reiser da laifin kashe matarsa, aikin ya rasa mai kula da shi, kuma an cire shi gaba ɗaya daga Linux a bugu na 6.13 a farkon 2025. Dabarar ba ta bi shi ba. Chris Mason, wanda ya yi aiki a kan ReiserFS a SUSE, shi ne ya fara Btrfs a kamfanin Oracle a 2007, kuma Btrfs yana ajiye fayil da bai wuce bayit 2,048 ba a cikin rajista. A faifan da aka tsara rajista ta zama kwafi biyu, ƙaramin fayil yana samun kwafi na biyu kyauta, gatan da babban fayil ba ya samu.

Sauran sun biyo baya, kowa da gwargwadonsa. Apple, daga 2009, ya riƙa matse wasu ƙananan fayilolin tsarinsa yana ɓoye su a cikin sifofin rajista. ZFS yana cusa abin da bai wuce bayit 112 ba, bayan an matse shi, a cikin adireshin gurbin kansa. Shi kuwa ext4, jikan ext2, sai a Linux 3.8 na Fabrairun 2013 ya sami wannan dama, ta hannun Tao Ma, injiniya a kamfanin kasuwancin intanet na Taobao a ƙasar Sin. Inod mai bayit 256 yana iya ɗaukar kusan bayit 160 na rubutu. Shekara 29 kenan bayan maƙalar Amsterdam, kuma duk da haka ba a kunna damar kai tsaye, sai wanda ya nema lokacin tsara faifai.

Wannan ɗari-ɗarin yana da dalili. Faɗaɗa shafin rajista domin ƙananan fayiloli haraji ne a kan kowane fayil, har da manyan da ba za su amfana ba, kuma rajista mai kauri ta fi wuyar riƙewa a ƙwaƙwalwar kwamfuta. Sannan fayil ba ya tsayawa yadda yake. Ranar da ya girma ya wuce shafi, dole a nemo masa gurbi, a kwashe rubutun, a sauya shafin, duk ba tare da an rasa komai ba ko da wuta ta ɗauke a tsakiyar aikin. Duk wanda ya yi aiki da kwamfutar tebur a garin da wutar lantarki ke zuwa da tafiya ba sallama ya san wannan ba tatsuniya ba ce. Irin wannan sauyin sheƙa shi ne inda kurakuran manhaja suka fi son ɓuya.

Akwai kuma wani sakamako da ya fi shafar lauya da ɗan jarida da ma'aikacin lafiya fiye da injiniya. Idan aka goge fayil a NTFS, abin da ake yi shi ne a sa wa shafinsa alamar cewa babu kowa a ciki. Rubutun da ke zaune a shafin yana nan har sai wani sabon fayil ya karɓi shafin ya rubuta a kansa. A kwamfutocin zamani masu faifan SSD, gurabun babban fayil da aka goge ana sanar da faifan cewa ba a bukatarsu, shi kuma ya share su cikin ɗan lokaci, ba mai iya dawo da su. Amma shafin rajista ba gurbin banza ba ne, yana cikin jadawalin da ake amfani da shi, don haka wannan sharar ba ta isa gare shi. Sai abin ya juye: bidiyon gigabayit biyu ya ɓace har abada, ɗan rubutu mai layi huɗu ya tsira. Manhajojin da ke goge wurin da babu kowa a faifai ma ba duka ne ke leƙa shafukan rajista ba. Kuma me mutane ke rubutawa a fayil mai layi huɗu? Lambar sirri, lambar asusu, sunaye da lambobin waya. A yankin da jerin sunaye ke iya jefa mutum cikin haɗari, kuma kwamfutoci na hannu ke sauya masu su ba tare da an wanke su da kyau ba, wannan ba ƙaramin al'amari ba ne. Ga mai binciken laifi alheri ne, ga mai sayar da tsohuwar kwamfutarsa akasin haka. Abin da ke maganinsa shi ne rufe faifan gaba ɗaya da makullin sirri tun farko, ko a shafe shi kaf kafin ya bar hannu.

Inda dabarar ta fi kusa da mutumin Ɗan Isa a yau shi ne aljihunsa. Wayar Android a kan Linux take, kuma wayoyi da yawa suna ajiye bayanan mai su ne da F2FS, tsarin da Jaegeuk Kim ya jagoranci rubutawa a kamfanin Samsung na Koriya ta Kudu, wanda ya shiga Linux a bugun nan na 3.8. A ma'ajiyar waya babu hannu mai kai da komo, don haka tsohuwar hujjar tafiya ta rage ƙarfi. Wata hujja ce ta maye gurbinta: irin wannan ma'ajiya tana gajiya da yawan rubutu, kowane yanki yana da adadin da zai jure kafin ya mutu. Fayil da ke bukatar a rubuta wuri biyu ya fi cin rayuwar waya a kan mai bukatar wuri ɗaya. A F2FS inod yana cin gurbi guda cur, bayit 4,096, kuma tun 2014 ake cusa fayil da ya kai kusan bayit 3,400 a cikinsa. A duba wannan adadi kusa da 2,475 na ƙirgar Tanenbaum: fiye da rabin fayilolin jami'ar Amsterdam na 2005 za su shige. Shawarar 1984 ce kusan harafi da harafi, sai dai ta cika ne a kan na'urar da marubutanta ba su yi lissafi da ita ba.

Wurin da dabarar ba ta taɓa isa ba shi ne memori da filashi, kuma su ne rumbun ajiyar wannan yanki na gaskiya. Lokacin da aka katse layukan sadarwa a faɗin Zamfara a watan Satumban 2021, abin da ke kan intanet ya zama kamar babu shi, abin da ke cikin waya da memori ne kawai ya rage a hannu: karatuttukan malamai, takardun makaranta, hotunan shaidar biya. Waɗannan ƙananan ma'ajiyoyi suna tafiya ne da zuriyar FAT, tsarin da Microsoft ya fara tun 1977 domin faifai mai laushi. Shafin rajistarsa bayit 32 ne, babu filin da za a cusa komai. FAT32 na 1996 da exFAT na 2006 sun faɗaɗa iyakar girma, ba su taɓa wannan ba. An bar su a haka da gangan, domin sauƙinsu ne ya sa rediyon mota da kyamara da ƙaramar waya mai madannai duk ke iya karanta su. Memorin da ya haura gigabayit 32 da exFAT yake zuwa daga masana'anta, kuma a mai 64 gurbi ɗaya yawanci kilobayit 128 ne.

Ga mai tura finafinai da waƙoƙi a bakin tasha wannan ba ya nufin komai, fayilolinsa manya ne, asarar wutsiya ba ta taka kara ta karya ba. Amma a ɗauki malamin makaranta ko ma'aikacin asibiti da ya tara ƙananan fayiloli 10,000, kowane bayit 300. Rubutun duka bai wuce megabayit 3 ba. A kwamfutarsa mai NTFS za su zauna a shafukan rajista su ci kusan megabayit 10. A memorin 64 za su ci megabayit 1,250, kuma kwafarsu za ta ɗauki lokacin da fim mai girman haka ba zai ɗauka ba, domin kowane ɗaya sai an rubuta shi a rajista, an rubuta shi a gurbi. Idan ya dunƙule su a fayil ɗin ZIP guda kafin ya kwafa, dukansu za su shiga gurbi talatin da 'yan kai.